FILIN LAFIYAR IYALI: Ciwon mama na gabanin al'ada, abin da tukunya ke iyawa da abin da ba ta iyawa

 

A wannan mako wasiƙa ce ta iso mana daga wani ma'aikacin gwamnati da ke aiki cikin jihar Tawa, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce maiɗakinsa, mai shekara 34 da ƴaƴa huɗu, duk wata in al'adarta ta rage kamar kwana goma sai mamanta duka biyu su kumbura, su yi nauyi, su yi tsami, har ba ta iya kwanciya rub da ciki, ba ta kuma son yaro ya jingina da ƙirjinta. Ranar da jini ya zo kuwa sai abin ya faɗa kamar an zare ƙaya. Maƙwabta suka ce ta bar nono da nama da ƙwai, ta bari. Wata ƙawarta ta ce ai goro ne. Shi kuma wani mai tallar magani a tasha ya sayar masa da kwalbar ƙwayoyi a kan jikka 9. Ya ƙare wasiƙarsa da cewa: “Malam, yau wata uku ke nan, ta rame, ciwon bai tafi ba. Da dare ina jin ta tana juyi, na kuwa san tunanin gwaggonta take yi, wadda sankarar mama ta yi ajalinta. Don Allah, akwai abincin da za ta ci ko ta bari ta samu sauƙi?”

Muna gode wa wannan bawan Allah, domin ba kowane magidanci ne ke lura da abin da ke hana iyalinsa barci ba, balle ya ɗauki alƙalami a kansa. Maganar tana da nauyi a bakin Bahaushe, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsarmu a taƙaice ita ce: i, gyaran abinci yana iya rage wa wasu mata wannan ciwo, sai dai da sharaɗi biyu. Na farko, a fara zuwa gidan likita a duba. Na biyu, a san abin da aka gwada aka ga amfaninsa, a rabe shi da jita-jitar zaure da ta gidan biki.

Wane irin ciwo ne wannan?

Ciwon mama abu ne da ya zama ruwan dare. Wajen mace bakwai cikin goma suna haɗuwa da shi a wani lokaci na rayuwarsu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na masu kuka da shi, irin wanda ke bin zagayowar al'ada ne. Alamominsa sanannu ne: yakan fara mako ɗaya zuwa biyu kafin jini, yakan kama ɓangare biyu, ya fi tsanani ta sama wajen hammata, wani lokaci ya sauka cikin dantse, sa'an nan ya lafa da zuwan jini. Ya fi damun mata tsakanin shekara 20 da 45, kuma galibi yakan tafi in mace ta daina haila.

Mafarinsa wasu sinadarai ne da jikin mace ke sarrafawa da kansa, waɗanda likitoci ke kira ormon, musamman estrojen da projesteron da prolaktin. Bayan fitar ƙwai, wato a tsakiyar wata, waɗannan sinadarai suna shirya jiki kamar ciki zai shiga: hanyoyin nono su buɗe, ƙwayoyin da ke yin nono su kumbura, ruwa ya taru cikin tsoka. In ciki bai shiga ba sai sinadaran su ragu, jini ya zo, kumburi ya saɓe. Abin lura shi ne, in aka auna jinin mai wannan ciwo, galibi akan tarar da sinadaranta daidai da na sauran mata. Naman mamanta ne ya fi jin motsinsu. Ke nan ba cuta ce ta shiga jiki ba, ba maita ba ce, ba kuma sammu ba.

Game da tsoron sankara, ga labari mai sanyaya zuciya. A shekarar 2022 likitocin birnin Mancesta na ƙasar Ingila sun bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan mata 10.830 da aka aiko asibitin duba mama. Cikin waɗanda ciwo kaɗai ya kawo su, babu ƙullutu babu wata alama, mace 4 cikin 1.000 aka samu da sankara, adadin da bai wuce na matan da ba su jin ciwon komi ba. Ciwo shi kaɗai ba kasafai yake zama alamar sankara ba. Sankarar mama ta fi zuwa da ƙullutu mai tauri wanda sau da yawa ba ya ko zafi, abin da ke sa a yi sakaci da shi.

A fara da gidan likita

Duk da haka, tun da akwai wadda ta yi wannan cuta cikin dangi, shawararmu ta farko ga mai wasiƙa ita ce ya raka maiɗakinsa wajen ungozomar likita ko likitan mata, a duba ta hannu da hannu, in da bukata a yi mata hoto. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƴan kwanaki bayan ɗaukewar jini, sa'ad da kumburi ya sauka. Likitocin da suka daɗe kan wannan aiki sun shaida cewa mafi yawan mata, da zarar an duba su an ce musu babu sankara, ba su ƙara neman wani magani, domin rabin ciwon fargaba ce. A gaya wa ungozoma in ana shan ƙwayar tsarin iyali ko ana yin allura, domin su ma suna iya sa mama tsami, kamar yadda ƙaramin ciki ke yi.

Mai shi ne kan gaba

To, mu koma madafa. Cikin duk abin da aka gwada, rage mai yana cikin waɗanda suka nuna alamar amfani. A shekarar 1988 wasu likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka ɗauki mata 21 da suka shekara biyar ko fiye suna fama da wannan ciwo, suka raba su gida biyu. Rukuni ɗaya aka koya musu rage mai har ya koma kashi 15 cikin 100 na ƙarfin abincinsu, suka ƙara cin hatsi da wake da ganye. Ɗaya rukunin aka ba su shawarar cin abinci ta yau da kullum. Bayan wata shida, waɗanda suka rage mai sun samu sauƙin kumburi da tsami fiye da ƴan uwansu. Gwajin ƙarami ne, mutum 21 ba su cika mota ba, don haka kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Amma hanya ce da ba ta cin kuɗi, hasali ma tana rage cefane.

Bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Babban cokali ɗaya na mai yana da nauyin giram 14. Macen da ke cin abinci matsakaici, kashi 15 ɗin nan bai wuce mata cokali biyu da rabi a yini ba, a haɗe da kitsen nama, da man da ke cikin gyaɗa da madara. Wannan ma'auni yana da tsauri, kaɗan ne ke iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100, wato wajen cokali biyar. Yanzu a duba gidan mutum goma da ke ƙarar da litar man gyaɗa cikin kwana uku: kowane mutum ya sha fiye da cokali biyu a yini daga tukunya kaɗai, ba a sa ƙosai da fanken safe ba, ba a sa soyayyar awara da dankalin la'asar ba, ba a sa tsire da balangun da maigida ke shigowa da su bayan isha'i ba, ba a sa man shanun da ake malala wa tuwo ba.

Abin yi ba shi da wuya. A riƙa auna mai da cokali maimakon a tuntsura kwalba. A rage suya, a koma dafuwa da turarawa da gashi. A yanke kitsen nama, a cire fatar kaza. Miyar da mai ke iyo a kanta, a kwashe na saman kafin a zuba. A yawaita abin da ƙasarmu ta wadata da shi: tuwo da furar hatsi, dawa, wake, dambu da zogale, kwaɗon rama, miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, kabewa, albasa da tumatir, da ƴaƴan itace kamar gwaiba da mangwaro da lemu in lokacinsu ya yi.

Sai dai a yi hattara. Wannan shawara ta gidajen birni ce inda mai ya yi yawa. Matar karkara da ke wuni a kan fura, mai ma bai ishe ta ba, balle a ce ta rage. Haka nan mai ciki, da mai shayarwa, da yara ƙanana, ba su cikin wannan lissafi. Kuma rage mai ba ya nufin barin nama da ƙwai da kifi da nono kamar yadda maƙwabta suka sa matar mai wasiƙa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna kusan rabin matan da ke cikin shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Macen da ke zubar da jini duk wata, in aka raba ta da nama da hanta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Goro, shayi da kafe

Maganar goro da ƙawar ta kawo tana da tushe. A shekarar 1979 wani likitan fiɗa na jihar Ohayo ta Amurka, John Minton, ya ba da sanarwar cewa matan da suka bar kafe da shayi da cakulan da lemun kwalba mai kola sun samu sauƙin ƙulle-ƙullen mama da ciwonsa. Duk waɗannan suna ɗauke da sinadarin kafeyin ko danginsa, goro ma haka. Maganar ta bazu duniya, har yau ana maimaita ta. Amma da wasu masana suka sake gwaji cikin shekarun 1980, suka raba mata gida biyu don a kwatanta, sai bambancin ya zama kaɗan ƙwarai ko babu. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Kanada, cikin jagorar da ta fitar a shekarar 2006, ta ce kada a riƙa umartar mata da barin kafeyin domin wannan ciwo.

Ke nan goro bai ci sunan da aka ba shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai matan da ke tabbatar da cewa in sun rage, suna jin daɗin jikinsu, kuma gwadawa ba ta da illa. Wadda ke tauna goro uku ko huɗu a yini, ko ma'aikaciyar da ke buɗe biro da kafe ta rufe da shayi zagaye uku, tana iya ragewa na wata biyu ta gani. A rage sannu a hankali, domin wanda ya saba in ya yanke gaba ɗaya yakan yi ciwon kai da kasala na ƴan kwanaki. Akwai kuma wata riba ta gefe: shayi mai ƙarfi da aka sha a kan abinci yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke ƙera jini, don haka gara a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan an ci.

Gishiri, magi da kanwa

Tun da taruwar ruwa na cikin abin da ke kawo nauyin mama, likitoci da yawa suna ba da shawarar rage gishiri cikin kwana goman da ke gaban al'ada. Hujjar wannan shawara game da mama ba ta da ƙarfi, amma amfaninta ga hawan jini tabbas ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Gishirinmu kuwa ba a ludayi kaɗai yake shiga tukunya ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu cikin miya guda, a sake barbaɗa wani cikin yaji. Kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka ita ma tana ɗauke da sodiyom, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki. Sai kilishi, da sardin na gwangwani, da busasshen kifin da aka gisirta. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna iya ɗaukar rabin aikin da aka ɗora wa magi, kamar yadda kakanninmu suka yi girki tun kafin zuwansa.

Ƴaƴan lin

Akwai wani iri ƙanana masu santsi, ruwan ƙasa, da Faransawa ke kira lin. A Kanada an gwada ba mata giram 25 na niƙaƙƙensa kowace rana, wato wajen babban cokali uku, cikin wata irin waina, aka ga ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda aka ba wainar da babu shi. A kan haka jagorar nan ta 2006 ta sa shi cikin abin da ya kamata a fara gwadawa. Ba amfanin gonarmu ba ne kamar hatsi da wake, amma wadda ta same shi a kanti tana iya niƙa shi ta zuba cikin kunu ko fura, ta fara da cokali ɗaya, ta sha ruwa sosai don kada ciki ya kumbura. Mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna. Kada kuma a ɗauka riɗi ne; kama da wane ba ta wane, gwajin da lin aka yi shi.

Inda kuɗi ke zurarewa

Yanzu sai kwalbar jikka 9. Abin da aka fi tallatawa domin wannan ciwo shi ne ƙwayoyin man wani fure da Faransawa ke kira onagar, da bitamin E, da bitamin B6. Man onagar ya yi tashe a Turai, har likitocin Ingila suna rubuta shi a takardar magani, amma a shekarar 2002 hukumar magunguna ta ƙasar ta janye masa izni saboda rashin gamsasshiyar hujja. A 2005 kuma wani gwaji da aka yi a kan mata 555 ya nuna bai fi ƙwayar da babu magani cikinta ba. Bitamin E shi ma gwaje-gwaje ba su tsayar da amfaninsa ba. Bitamin B6 kuwa, in aka daɗe ana shan mai yawa, yana lalata jijiyoyi har hannu da ƙafa su riƙa mutuwa.

Mai karatu zai ce, to yaya wance ta sha ta warke? Dalili shi ne wannan ciwo mai zuwa ne yana komawa. Mace biyu zuwa uku cikin goma yakan tafi musu don kansa, ko da yake yana iya dawowa. Wadda ta sha ƙwaya a watan da ciwon zai lafa, sai ta yaba wa ƙwaya. Haka nan a guji garin magani da man shafawa na “gyaran mama” da ake yawo da su a faranti cikin rana, waɗanda ba a rubuta abin da ke cikinsu ba.

Gwajin wata uku

Hanyar da za ta raba gardama ita ce rubutu. Likitocin birnin Kadif na Birtaniya, waɗanda suka yi suna kan wannan ciwo, sun saba ba mata takardar lissafin kwanaki. Kowa na iya yin tasa da kaye na ƴan lakwal. Kowace rana kafin barci a sa alama: sifiri in babu ciwo, 1 in kaɗan ne, 2 in ya hana aiki ko barci, a kuma zagaye ranakun jini. Watan farko kada a sauya komi, a rubuta kawai. Daga wata na biyu a ɗauki abu ɗaya, misali rage mai, a riƙe shi wata biyu ko uku, sa'an nan a ƙirga ranakun da suka samu 2. In sun ragu, an samu hanya. In ba su ragu ba, a saki wannan a gwada wani. Wadda ta bar abu biyar rana ɗaya, ko ta samu sauƙi ba za ta san wanne ya yi aiki ba, sai ta dawwama tana hana kanta abin da bai yi mata laifi ba.

A haɗa da abubuwa biyu da ba na ci ba. Na ɗaya, rigar mama da ta yi daidai da jiki, mai faɗin maɗauri, wadda ke tallafe nauyi ba tare da matsewa ba. A kwanakin ciwo ana iya kwana da mai taushi. Mata da yawa suna sayen tasu a gwanjo bisa ƙiyasin ido, alhali wannan gyara kaɗai yana sauƙaƙa wa da dama. Na biyu, farasetamol, ko man shafawa na diklofenak da ake samu a farmasi, wanda gwaji ya nuna yana rage zafin. Akwai magunguna masu ƙarfi kamar tamoksifen da danazol domin ciwon da ya gagara, amma suna da illoli, likita kaɗai ke ba da su.

Alamomin da ba a jira da su

Ga inda maganar abinci ta ƙare. Duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko a hammata wanda bai tafi bayan al'ada ba; ko ta ga jini ko wani ruwa na fita daga kan mama guda ba tare da an matsa ba; ko kan maman ya shige ciki; ko fata ta lotsa, ta yi kamar ɓawon lemu, ko gyambo ya fito; ko ciwo ya tsaya wuri guda ba ya bin wata; ko ciwon ya fara bayan ta daina haila, to kada ta tsaya rage mai ko barin goro, kada ta tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ta nufi gidan likita cikin makon nan. Haka mai shayarwar da mamanta ya yi ja, ya yi zafi, ga masassara. Sankarar mama ita ce kan gaba cikin sankarorin da ke kama mata a Nijar, kuma abin da ke ba likitocinmu takaici shi ne yawanci sai ta ci jiki ake kawo musu. Ana fara dubawa tun daga ƙaramar likitar unguwa, a tura mutum cibiyar kula da uwa da yaro ta jiha ko babban asibiti. A Yamai akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi, da cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa wadda ta fara gashin cutar da na'ura a shekarar 2021. Wadda aka gano tata da wuri tana da kyakkyawan zaton warkewa.

Kalmarmu ta ƙarshe ga magidanta ce, ƴan kasuwa da ma'aikata, tun da ku ke ba da kuɗin cefane, ku ne kuma ke tsuke fuska in miya ba ta yi ƙyalli ba. Mace ba ta iya rage mai a tukunyar da maigida ke auna darajarsa da yawan man da ke cikinta, ba ta kuma iya zuwa likita in ba a ba ta izni da kuɗin mota ba. Ga mai wasiƙarmu muna cewa: Malam, ka mayar wa maiɗakinka namanta da ƙwanta da nononta tun yau, ka ajiye kwalbar nan, ka raka ta a duba ta, ka sayo mata kaye da bik. Bayan wata uku muna jiran labari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.